Magagin barcin tsohuwar laftof

Ina da wata laftof da na saya ta hannu, irin waɗanda ake lodowa daga Turai bayan wani ofis ya gama cin moriyarsu. Ƙirar 2014 ce, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Core i5 zubi na huɗu. Da safe in na kunna ta ba ta da laifi ko kaɗan: ta buɗe takarduna, ta shiga intanet, har bidiyo takan yi ba gargada. Amma bari in rufe murfinta in je sallar azahar in dawo. Ina ɗaga murfin sai ka rantse musanya min ita aka yi. Kibiyar linzami ta riƙa tafiya tana tuntuɓe kamar akuya mai dabaibayi. In na rubuta kalma, sai na ɗauke hannu daga kan madannai sannan haruffan su biyo sahu ɗaya bayan ɗaya. Fanka shiru, jikinta da sanyi, babu alamar tana wani aikin wahala. In na sake kunna ta daga tushe, sai ta warware sarai kamar ba ita ba.

Na kai wa wani yaro mai gyara. Ko murfin bai ɗaga ba ya yanke hukunci.

"Malam, bairos ce. Fomatin za a yi mata."

Na ce, "To ita bairos ɗin sai an yi barci take fitowa aiki?"

Ya yi dariya. "Ai har da tsufa, Malam. A zuba mata sabon Windows kawai kowa ya huta."

Na biya, aka zuba, na ɓata yini guda ina mayar da fayilolina mazauninsu. Washegari na rufe murfi na buɗe, ga akuyata nan da dabaibayinta.

Ban ga laifin yaron sosai ba, maganin da ya saba bayarwa ke nan kuma yakan ci. Amma maganar tsufa ba ta shige ni ba. Tsufa ba ya zuwa da azahar ya tafi da la'asar. Na'urar da ta yi gudu minti goma da suka wuce ta riga ta ba da shaida cewa kayan cikinta na iya gudun. Ke nan abin bincike shi ne ɗan tsakanin nan, daga rufe ido zuwa buɗe shi: wa ya farka, wa ya makara, wa kuma ya farka da gurguwar fahimta.

Barcin kwamfuta yana da ƙa'ida rubutacciya. Tun 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin da ake kira ACPI, wanda ya raba halin da na'ura ke iya shiga zuwa matakai, daga S0, wato tana farke tana aiki, zuwa S5, wato a kashe. Biyu ne suka shafe mu. S3 shi ne barcin da tsofaffin laftof suka sani: a yanke wa furosesa da faifai da allo wuta, a bar 'yar kaɗan tana zuwa ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake cikin yi, don kada abin da ke ciki ya goge. Kamar mai shago ne da aka kira salla, ya bar kayansa a baje, ya gitta benci a ƙofa ya tafi. S4 kuwa, wanda Windows ke kira Hibernate, ni kuma nake ce masa doguwar suma, shi ne a kwashe abin da ke cikin RAM a rubuta a faifai cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, sannan a kashe wuta gaba ɗaya. Wannan mai shagon ya tattara kaya ya kulle, sai dai ya rubuta a littafi inda kowane kwali yake saboda gobe.

Dawowa daga S3 gajeriyar hanya ce, da gangan aka yi ta haka. BIOS, wato tsarin da ke fara tayar da na'ura kafin Windows ta hau, ba ya sake bin sassan na'ura ɗaya bayan ɗaya yana dubawa kamar yadda yake yi a kunnawar farko. 'Yan saitunan da ya adana yake mayarwa, ya miƙa wa Windows ragama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ita kuma ta bi direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da kowane sashe, tana tashin su: na allo, na sauti, na Wi-Fi, na USB, na faifai. Dole kowannensu ya tuna yadda ya bar abin da aka ba shi tsaro, ya mayar da shi haka. To a haɗa da cewa yawancin waɗannan laftof don Windows 7 ko 8 aka ƙera su, aka ɗora musu Windows 10 da ta fito a 2015, kamfanin da ya yi su kuma ya daɗe da daina sabunta musu BIOS da direbobi. Ba abin mamaki ba ne a samu wanda ya ɓata a hanya.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin cif a jikin bod, wato babban allon da sassan na'ura ke manne a kai, masu gyara na ce masa EC. Shi maigadi ne, ba ya barci. Muddin akwai batir ko caja a jiki yana farke, ko da an kashe laftof ɗin. Shi ke lura da cajin batir da gudun fanka da madannai da rufewar murfi. A riƙe sunansa, domin a labarina shi ne mai riƙe da igiyar.

Abu na farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a kama matsalar tana cikin faruwa. Yawancinmu da mun ji nauyin sai mu garzaya mu sake kunnawa, mun share sawun ɓarawo ke nan kafin a bi shi. A daure. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya fito, ko da zai ci minti guda kafin ya buɗe. A shiga shafin Performance a dubi gudun furosesa, a dubi aikin faifai. A hannun mai amfani nauyi duk nauyi ne, amma a nan yake rabuwa. Ko dai an riƙe furosesar an hana ta gudu, ko tana tsaye tana jiran faifai, ko wani abu na cinye mata lokaci a ɓoye. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan komai, shi ya sa fomatin ya zama shan magani ba a san cutar ba.

Tawa da na duba, 0.79 GHz ta nuna, alhali an ƙera ta ta yi 2.5, har ta taɓa 3 in aiki ya yi zafi. A nan sai an yi hattara, domin furosesa mai lafiya ma takan sauka zuwa wannan adadi in ba ta da abin yi, don tattalin batir. Gwajin shi ne a ba ta aiki. A kunna bidiyo, a buɗe shafuka biyar a lokaci guda, ido na kan lambar. Mai lafiya za ta zabura nan take. Tawa ko gezau. A wasu laftof da aka ƙera bayan tawa, lambar da suke maƙalewa a kai 0.39 ce, wadda ta fi muni, don a nan buɗe Task Manager ɗin kansa jan aiki ne.

Lambar da ta kafe haka umarni aka ba ta. Furosesocin Intel suna da wata wayar gargaɗi mai suna PROCHOT. Asalin aikinta shi ne furosesa ta sanar cewa ta ɗau zafi. Amma an yi ta mai hanya biyu, ta yadda wani sashe na bod, har da maigadin nan, zai iya jan ta ya tilasta wa furosesa ta sauka zuwa mafi ƙarancin gudunta, ko da ita kanta sanyi ƙalau take. Dalilin kirki ne ya sa aka yi haka. In caja ba za ta iya ɗaukar nauyi ba, ko batir na neman gazawa, ko sashen da ke raba wuta ya yi zafi, gara a yi tafiyar hawainiya da a ƙone bod. Inda gizo ke saƙar shi ne a ja wayar bisa kuskure, ko a ja ta a manta ba a saki ba. Farkawa daga barci kuwa lokaci ne da na'ura ke sake lissafin daga ina wuta ke zuwa, kuma nawa ce. A wurinmu wannan lissafi ya fi saurin rikicewa. Sau nawa laftof ke kwanciya da wutar NEPA ta farka a kan batir, ko ta kwanta a kan batir ta farka an tayar da janareta?

Wani lokaci Windows ma takan rubuta ƙorafinta. A cikin Event Viewer, a kundin System, in an ga saƙo mai lamba 37 daga Kernel-Processor-Power, ma'anarsa BIOS ne ya taƙaita gudun furosesa, ba ita ba. Samun sa shaida ce mai ƙarfi, rashinsa kuwa bai wanke kowa ba. Kafin a yi nisa kuma a leƙa saitin wuta na Windows, a tabbatar ba wani ne ya rage Maximum processor state daga 100 ba, kuma ba tsarin tattalin batir ba ne ya kama, wanda a Windows 10 yake kunna kansa in caji ya sauka zuwa kashi 20. Wannan duba na minti biyu ne.

Gwajin da ya tona asirin tawa ya fi wannan sauƙi. Tana cikin magagin na zare caja. Kafin in ajiye wayar a kan tebur lambar ta tashi zuwa 2.9, kibiya ta saki ƙafa. Laftof da ta fi gudu a kan batir fiye da kan wuta ta gama gaya maka inda za ka duba.

A leƙa cikin bakin cajar Dell ko HP mai zagaye, za a ga wata siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke kai wutar caji ba. Ta nan caja ke gabatar da kanta, ta faɗi wat nawa take iya bayarwa, 65 ko 90 ko sama da haka. A na Dell, in laftof ta kasa karanta wannan bayani takan ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa, har takan rubuta gargaɗi a farkon kunnawa wanda mutane ke danna F1 su wuce ba su karanta ba. In an shiga BIOS da F2, a wurin bayanin batir za a ga ko ta gane cajar ko ta rubuta Unknown. Allurar kan lanƙwashe. Siririyar wayarta kan tsinke daga ciki, a daidai inda ake naɗe ta kullum a cusa a jaka. Ramin caja na jikin laftof kan yi sako-sako. Irin wannan lalacewa ba ta tsayawa kan magana ɗaya, yanzu ta karantu, anjima ta ƙi. Haka kuma laftof mai buƙatar wat 90 in aka ba ta caja mai 65, bakin ya shiga daram, fitila ta kama, amma gudu ya ragu.

Cajata ta asali ta daɗe da mutuwa. Wadda nake amfani da ita 'yar kasuwa ce, ba nauyi a hannu kamar fanko, ga tambari an buga mata tsaf. Na ari ta wani abokin aikina na mako guda. Na rufe murfi na buɗe ya fi a ƙirga, dabaibayin bai dawo ba ko sau ɗaya.

Batir shi ne na biyu a layin tuhuma. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batir ɗin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. In na yanzu bai kai rabin na asali ba, to ba gajeren zango ne kaɗai matsalarsa ba, yana iya kasa bayar da wuta da ƙarfi a lokacin da furosesa ta zabura, maigadi kuma ya ja birki. Wanda ya kumbura har ya ɗago wurin shafa yatsa ko ya buɗe gefen laftof, wannan ba a gardama da shi, a cire shi a yau.

In caja da batir duk lafiya, to mai yiwuwa maigadin ne ya rikice, kuma sake kunna Windows ba lallai ya taɓa shi ba tunda shi ba ya kwanciya. Sai an yanke masa wuta baki ɗaya. A kashe laftof, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, sannan a mayar da komai. Masu batir na ciki sai an kwance bayan an zare wayarsa, ko da yake wasu ThinkPad suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa tsinke a danna don wannan aiki. Da jin sa kamar camfi, amma dalilinsa a fili yake.

Duk wanda ya bincika wannan matsala a intanet zai ci karo da wata manhaja mai suna ThrottleStop, wadda ke da ɗan akwati mai suna BD PROCHOT. A cire masa alama, furosesa ta daina sauraron gargaɗin waje, gudu ya dawo nan take. Ni ina ganin amfaninta a wurin gwaji: in ka cire alamar lambar ta tashi, ka tabbatar da abin da ke riƙe da ita. Amma a mayar da ita magani na kullum ba tare da an san wa ke jan wayar ba, daidai yake da direban da jar wuta ta kama masa a dashbod ya manna mata salatif. In na'urar auna zafi ce ta lalace tana ihun banza, ya ci riba. In kuwa cajar ce ke neman ƙonewa, ya kashe bakin mai gaya masa gaskiya.

Zafi na gaske yana da tasa kamar, kuma ba shi da wuyar ganewa. Shi ba ya kafe lamba wuri ɗaya tun daga buɗe murfi. Gudun kan fara da kyau, fanka ta hau kuka, sannan lambar ta riƙa sauka tana hawa. Manhaja irin HWMonitor za ta nuna ma'aunin. Furosesocin Intel na laftof suna rage gudu da kansu in sun kusanci digiri 100. In ka ga digiri 45 ga lamba a kafe, ba zafi ba ne. In ka ga 95, to a buɗe baya. Ƙurar hunturu kan taru tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu har ta zama kamar ɗan bargo, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi kuma bayan shekara goma ya bushe ya zama alli. Dangantakarsa da barci ita ce laftof da ta farka a cikin jaka ba ka sani ba, saboda linzami ya motsa ko wani aiki da aka sa wa lokaci ya tashe ta. Ka iso ka ciro ta kamar burodi daga tanda. Umarnin powercfg /lastwake yana faɗin wanda ya tashe ta na ƙarshe. Akwai ma fankar da kan ƙi juyawa bayan farkawa, a kara kunne a saurara.

Yanzu a ce an duba gudun furosesa yana hawa yana sauka yadda ya kamata, amma faifai ya nuna kashi 100. Wannan shi ne ya fi yawa a cikin laftof da ba a taɓa canza musu faifai ba, kuma alamarsa ita ce nauyin yana wucewa da kansa bayan minti uku ko biyar. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne su ga kashi 100 alhali abin da ake karantawa bai wuce megabait ɗaya ko biyu a daƙiƙa ba. Faifai mai juyawa na laftof yawanci yana zagaye 5400 a minti, wato 90 a daƙiƙa. Duk ɗan guntun bayanin da aka nema, sai hannun karatu ya tafi layinsa, sannan ya jira wurin ya zagayo. In guntayen a warwatse suke, da ƙyar ya biya buƙata ɗari a daƙiƙa. SSD kuwa, wato sabon nau'in faifai da ba shi da abin da ke motsi, dubbai yake biya.

To a daidai lokacin farkawa kowa ke zuwa da buƙatarsa. Windows Update na son ta duba ko akwai sabo. Defender na son ya sauko da bayanan bairos ya yi sintiri. Mai jera fayiloli don bincike na son ya ci gaba daga inda ya tsaya. OneDrive ko Google Drive na son daidaita kaya. Ayyukan kula da kai da Windows ta sa wa ƙarfe 2 na dare, tunda laftof na barci a lokacin, suna nan suna jira. Ga shafuka ashirin na Chrome kowanne na neman intanet. Famfo ɗaya ne a unguwa aka kawo ruwa bayan kwana uku, kai kuma da ɗan kofinka kana bayan layi.

Ƙarancin RAM ke ƙara wa wannan layi tsawo. Mai gigabait 4, da an buɗe burauza da Word ta cika, sai Windows ta riƙa kwashe abin da ba a taɓa ba tana jibgewa a faifai. Ka dawo ka danna tagar da ka bari, sai an je an ɗebo ta daga can, ta cikin layin nan dai. Wani abin kuma, laftof da yawa an saita su in barci ya yi tsawo a kan batir su zarce doguwar suma da kansu. Kai kana zaton benci aka gitta, ashe an kulle shago, dole a sake baje kaya daga faifai.

Ana iya rage cunkoson. A shafin Startup na Task Manager a kashe manhajojin da ba a buƙata, a rage shafukan da ake bari a buɗe, wasu kuma kan tsayar da SysMain, wato aikin Windows da ke ɗebo manhajoji daga faifai tun kafin a neme su, su ga sauƙi. Amma in faɗi gaskiya, duk wannan lallaɓawa ce. Babu kuɗin da ake kashe wa tsohuwar laftof da ya kai na SSD albarka, ko da ƙarami ne mai gigabait 256, irin mai inci 2.5 da ke shiga ramin tsohon faifai daram. RAM na biye. Mai saye ya lura: laftof masu Intel zubi na huɗu DDR3L suke so, mai bolt 1.35, ba DDR3 mai 1.5 ba, ga shi kamanninsu ɗaya kuma rami ɗaya suke shiga. Kafin komai dai a duba lafiyar tsohon faifan da CrystalDiskInfo. In ya nuna launin rawaya, ko ana jin ƙas-ƙas daga ciki, a bar maganar gudu tukuna, a kwashe fayiloli zuwa wani wuri.

Saura na ukun, mai cin lokaci a ɓoye. A jerin ayyuka na Task Manager akwai layi mai suna System interrupts. A na'ura mai lafiya da ƙyar yake kai kashi ɗaya ko biyu. In bayan farkawa ya tsaya a 20 ko 30, to wani sashe ne ya tashi a firgice yana ta ƙwanƙwasa wa furosesa ƙofa ba ƙaƙƙautawa, direbansa kuma ya kasa lallashinsa. Ana gano shi da haƙuri ne. A zare duk abin da ke jikin USB. A shiga Device Manager a kashe Wi-Fi a kunna, haka Bluetooth, haka mai karanta katin memori, haka na sauti, ana yi ana kallon lambar. Wanda aka kashe ta faɗi, shi ne. In allo ne kaɗai ke jan ƙafa, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da direban hoto, za a ji ɗan ƙara allon ya ƙifta. Daga nan sai neman direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, kuma ba kullum sabo ne ya fi ba. Tsohon da aka yi don wannan ƙirar takamaimai yakan fi wanda Windows ta zaɓo da kanta zama lafiya.

A nan akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Tun daga Windows 8, a 2012, Shut down ba kashewa ce ta gaskiya ba. Akwai tsarin Fast Startup da ke rufe manhajojinka amma ya adana zuciyar Windows da direbobinta a hiberfil.sys, don gobe a tashi da sauri. Ke nan direban da ya rikice yau, da rikicinsa za a adana shi a dawo da shi da safe. Restart ne ke farawa daga tushe. Mai shakka ya dubi Up time a Task Manager, zai ga kwana tara alhali kullum dare yana kashewa. Ana cire wannan tsari a cikin Power Options, kuma a kan SSD ba za a ji rashinsa ba.

Sabunta BIOS kan warware wasu matsalolin farkawa, tunda a can gajeriyar hanyar take. Sai dai aiki ne da in wuta ta yanke a tsakiyarsa laftof na iya zama faranti. Kada a fara sai batir na da rai kuma a cike, ga caja ta ƙwarai a jiki, fayil ɗin kuma daga shafin kamfanin, na wannan ƙirar ba 'yar uwarta ba.

Akwai laftof da za a bi duk wannan a dawo, ta ce ita dai ba ta iya farkawa daga S3 lafiya. Ba sai an yi ta kokawa da ita ba. A Power Options akwai wurin zaɓar abin da rufe murfi zai yi, a mayar da shi Hibernate. In zaɓin bai fito ba, powercfg /a zai nuna irin barcin da na'urar ke iyawa, powercfg /h on kuma ya kunna shi. Dawowa daga doguwar suma ta cikakkiyar hanyar BIOS take bi, don haka ta kauce wa inda ake tuntuɓen. A kan SSD bambancin 'yan daƙiƙoƙi ne, ga shi kusan ba ta shan batir, ba ta kuma farkawa a jaka don linzami ya motsa. Ga mai zama inda wuta ke tafiya ba sallama, wannan ma ya fi barcin dacewa.

Ni dai caja na saya, ta hannu amma ta asali, mai nauyi. Daga baya na ƙara SSD. Da na bi ta shagon yaron nan na ba shi labari, sai ya dafe kai.

"Kai Malam! Ai ranar ba ka zo da cajarka ba. Da tawa na yi aikin."